NA'URAR DA KE HANGO YOYON GAS DA HASKE: ABIN DA TAKE GANI DA ABIN DA BA TA GANI

Daga Wakilinmu

Ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta noma da kiwo da fatauci. Gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo su ne arzikinta, sai kuma dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace ranar Alhamis. Saboda haka in mutumin Sule Tankarkar ya ji ana zancen wata na'ura da ma'aikatan manyan masana'antu ke riƙewa a hannu suna neman inda gas ke yoyo, ba laifi ba ne in ya ce, me ya haɗa kifi da kaska?

To, abin da ya haɗa su shi ne gas ɗin da kansa ya kamo hanyar zuwa inda muke. Tukunyar gas ta girki, wadda a da sai a gidajen manyan ma'aikata a Kano ko Kaduna, yanzu ta shiga gidajen malaman makaranta da rumfunan masu shayi, kuma masu ɗura ta sun buɗe shaguna a cikin unguwanni. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023 da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, Gwamnatin Tarayya ta ɗauri aniyar mai da motoci su koma aiki da matsattsen gas, wanda ake kira CNG a taƙaice. Tun ran 30 ga watan Yuni 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A nan gida kuma ga yankin ciniki maras haraji na bakin iyaka a Maigatari, ga filin da Gwamnatin Jihar Jigawa ta keɓe wa masana'antu a Gagarawa. Duk masana'antar da za ta zauna a waɗannan wurare sai ta nemi makamashi, sai ta ajiye sinadarai. Yaran ƙauyukan nan ne kuwa za su zama leburorinta da masu gadinta, gidajen iyayensu kuma su ne maƙwabtanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa ya kamata ma'aikatan hukuma waɗanda za su sa hannu a takardun sayen kayan kariya, da ɗaliban da za su riƙe kayan, su san wannan na'ura tun yanzu, su san iyakar ƙarfinta.

HANCI BA YA ISA

Gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa da wanda ake girki da shi, dukkansu a asalinsu kusan ba su da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen abu da uwargida ke ji in tukunya tana yoyo, da gangan ake zuba shi. Dalilin haka kuwa wani bala'i ne da ya auku a garin New London na Jihar Texas ta Amurka ran 18 ga watan Maris 1937. Gas maras wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe, ya hallaka ɗalibai da malamai kusan 300. Daga nan aka kafa dokar sa wa gas wari, sauran ƙasashe suka bi.

Amma hanci ma'aikaci ne mai saurin gajiya. Wanda ya wuni a shagon ɗura gas yakan saba da warin har ya daina jinsa. Akwai iskar da ke tasowa daga shadda da kwatamin majemu, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa sai ta kashe jijiyar jin wari tukuna, mutum ya ɗauka ta wuce alhali kuwa a lokacin ne ta fi haɗari. Akwai kuma gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ba ta da wari ko kaɗan. A garin Bhopal na ƙasar Indiya, daren 2 ga watan Disamba 1984, ma'aikatan masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide sun fara gane cewa guba na tsiyaya ne sa'ad da idanunsu suka soma zubar da hawaye. Kafin gari ya waye dubban mutane sun riga mu gidan gaskiya, fiye da rabin miliyan kuma sun shaƙi gubar.

Ɗan Adam ya daɗe yana neman abin da zai riga hancinsa sani. A wurare da yawa masu yasar rijiya kan zura fitila tukuna, in ta mutu su san iskar ƙasan ba ta shaƙuwa. A 1815 Humphry Davy ya ƙera wa masu haƙar kwal a Ingila fitilar da ba ta kunna gas ɗin rami. Daga baya suka riƙa shiga da tsuntsun kanari cikin keji, in ya faɗi su gudu, kuma ba a sallami kanari daga wannan aiki a Birtaniya ba sai a 1986. Na'urorin lantarki da suka gaje shi sun fi shi aminci nesa ba kusa ba, sai dai sun gaji aibinsa guda: dole a kai su cikin gas ɗin kafin su yi ƙara. Watau dole mai riƙe da su ya sa ƙafarsa a inda haɗarin yake.

Wannan aibi ne na'urar leza ta zo ta kawar.

YADDA HASKE KE BA DA LABARI

Hasken leza, wanda Theodore Maiman ya fara kunnawa a Amurka a 1960, ya bambanta da hasken tocila ta hanya biyu. Yana tafiya a miƙe kamar zare ba ya bazuwa, kuma launinsa ɗaya ne tak, ba gauraye ba. Masu sauraron rediyo za su fi kowa saurin fahimtar wannan. Kowace tasha tana da mitarta. Wanda ya saba kamo Kaduna a kan mita 49 a gajeren zango ya san in ya murɗa kaɗan gaba ko baya sai muryar ta ɓace. Haske ma haka yake, kowane launi da tsawon zangonsa, sai dai ma'aunin ƙanƙane ne ƙwarai. Bayan launin ja kuma akwai wasu launukan da idon mutum ba ya gani sam.

Abin da masana kimiyya suka gano tun ƙarni na 19 shi ne, iskoki da yawa suna shanye haske, amma kowace iska tana da mitocin da take shanyewa, ba ta taɓa na wata. Iskar metan, wadda ita ce mafi yawan abin da ke cikin gas na bututu da CNG, tana shanye wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango kimanin kashi 1.65 cikin 1,000 na milimita ɗaya. To, sai aka ƙera 'yar ƙaramar leza aka saita ta daidai wannan mita.

Ga yadda aikin yake. Ma'aikaci ya tsaya daga nesa, ya auna bututu ko bango ko ƙasa da na'urar. Akwai ɗigon haske kore ko ja da ke nuna masa inda ya auna, amma wannan jagora ne kawai, ainihin hasken da ke aikin ba a ganinsa. Hasken ya tafi ya bugi bangon, wani ɗan kaɗan daga cikinsa ya dawo, gilashin da ke goshin na'urar ya tattara shi. A cikin haka na'urar tana ta murɗa mitar hasken gaba da baya da sauri ainun, tana hawa kan mitar metan tana sauka. In hasken da ya dawo ya ragu a daidai mitar metan, bai kuwa ragu a gefenta ba, to, babu shakka akwai metan a tsakanin ma'aikacin da bangon. Gwargwadon raguwar, gwargwadon yawan gas ɗin. Kafin ƙiftawar ido lamba ta bayyana, in ta wuce ƙima na'urar ta yi ƙara.

Hikimar tana cikin kwatanta mitocin nan biyu. Ƙura ko duhun bango suna rage hasken duka biyun daidai wa daida, saboda haka ba su cika ruɗar na'urar ta yi ƙarar ƙarya ba. Metan kaɗai ke cin ɗaya ya bar ɗaya.

Kamfanin Tokyo Gas na Japan tare da Anritsu suna cikin waɗanda suka fara fito da irin ta hannu. A Amurka kuma Physical Sciences da Heath Consultants suka fitar da tasu kasuwa a 2005. Irin waɗannan na hango gas daga nisan kimanin mita 30, ƙananan cikinsu kuwa nauyinsu bai kai kilo ɗaya ba. Da su mutum zai duba bututun da ke can saman rufi ba tare da tsani ba, ya duba bayan shinge ba tare da neman mabuɗi ba, wani lokaci ma ya leƙa ɗakin da ke kulle ta gilashin taga. Yanzu har a kan motoci da ƙananan jirage marasa matuƙi ake ɗora su, su bi layin bututu.

Akwai wani abu game da lambar da take nunawa wanda ya kamata ɗalibai su riƙe, domin a nan ne sababbin hannu kan ruɗe. Na'urar ba ta faɗin kaurin gas a wuri ɗaya. Tana tara duk abin da hasken ya ratsa ne a hanyarsa. Gajimaren gas mai faɗin mita 1 wanda ke da kashi 500 cikin miliyan, da wani mai faɗin mita 5 wanda ke da kashi 100 cikin miliyan, duka lamba ɗaya za su bayar, watau 500. Saboda haka takan ce akwai gas a kan wannan layi, amma ba ta cewa ga daidai ƙusar da ta kwance, ba ta kuma cewa ko iskar wurin ta kai matsayin kamawa da wuta. Metan yana kamawa ne in ya kai tsakanin kashi 5 da kashi 15 cikin 100 na iskar wuri, kuma tabbatar da haka sai an matsa kusa da wata na'urar dabam.

Wani abin sha'awa, tun da shanu ma suna fitar da metan in suna tuƙa, masu binciken kiwo a Turai sun ari wannan na'ura suna auna bakin saniya da ita. Wanda ya ratsa karar shanu ta Maigatari da ita ranar kasuwa kada ya yi mamaki in ya ga lamba tana motsi. Haka nan bakin shadda da tsohuwar bola.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk wannan yabo da muka yi, sharaɗi ɗaya ke ɗaure da shi. Na'urar da aka saita a mitar metan, metan kaɗai take gani. Gas ɗin da ke cikin tukunyar girki kuwa ba metan ba ne. Gaurayen wasu iskoki biyu ne, furofen da butan. Mutum zai iya tsayawa a ƙofar shagon da gas na girki ya cika maƙil, ya auna irin wannan leza, ta nuna masa lafiya lau.

Ba sakacin maƙera ba ne ya jawo haka, halittar iskokin ce. In muka koma ga misalin rediyo, metan tasha ce mai tsayayyar mita, ana hawa ana sauka. Furofen da butan kuwa shan haskensu a baje yake kamar shuuu ɗin da ke cika akwati ko'ina aka murɗa, saboda haka dabarar kwatanta mita biyu na kusa da juna ba ta kama su da kyau. Inda suka fi shan haske sosai yana can a wani zango mai nisa, wanda kayan aikinsa suka fi tsada. Akwai kyamarori na musamman da ke nuna su kamar baƙin hayaƙi a kan allo, har da tururin man fetur, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

In aka duba haɗurran da suka girgiza Arewa a 'yan shekarun nan, za a ga mafi yawansu ba na metan ba ne. Fashewar da ta auku a Sabon Tasha a Kaduna ran 4 ga watan Janairu 2020, wadda ta ci rayukan mutane da dama har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, daga shagon sayar da gas na girki ta taso. A watan Yulin 2015 tukunyar kulorin ce ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum 8 suka rasu, aka kwantar da kimanin 100 a asibiti. Shi kulorin ma ba ya shan irin wannan haske ko kaɗan, saboda haka ba wata leza irin wannan da za ta taɓa ganinsa. Bala'in Majiya a ƙaramar hukumar Taura, nan kusa da mu, inda tankar mai ta kife daren 15 ga watan Oktoba 2024 wuta ta hallaka fiye da mutum 150, tururin fetur ne ya kama. Allah ya jiƙansu da rahama.

A ƙasar Gumel ma akwai wata gubar da ta riga masana'antu zuwa. Ƙwayar da 'yan kasuwa ke sa wa wake da sauran amfanin gona a sito don kashe ƙwari, da zarar ta ji danshin iska sai ta saki wata iska mai kisa da ake kira fosfin, wadda ke iya ratsa tsagar bango ta shiga ɗakin da mutane ke barci. Ɗakunan sanyi da manyan wuraren yin ƙanƙara kuma da yawansu da amoniya suke aiki. Akwai leza da ake ƙerawa musamman don amoniya ko iskar shadda, amma kowace da mitarta, kuma galibi kafe su ake yi wuri ɗaya su tsare wani layi. Ta wannan ba ta yin aikin waccan.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Abin tsoro shi ne ranar da wata ma'aikata za ta ware kuɗi, ɗan kwangila ya kawo akwatuna masu ƙyalli, a yi bikin miƙa su ga 'yan kwana-kwana a ɗauki hoto, sannan a tura yaro da na'urar metan ya je ya duba wurin ɗura gas na girki ya dawo ya rubuta cewa babu yoyo. Gara ma wanda ba shi da na'ura, shi dai ya san bai sani ba, zai yi taka-tsantsan. Kowace irin wannan na'ura kuɗinta dubban dalolin Amurka ne. Kafin a sa hannu a takarda, tambayar farko ita ce wace iska ce ake ajiyewa a wurin da za a tsare, kuma sunan wannan iska ya fito ɓaro-ɓaro a cikin takardar kwangila.

Inda lezar metan za ta yi rana kuwa ba ya ɓuya: tashoshin sayar da CNG, da motocin da ke dakonsa zuwa Arewa, da masana'antun da za su kunna injunansu da shi, da duk reshen bututun da za a ja nan gaba. A can ba ta da na biyu. A 2022 hukumar da ke kula da haƙar mai, watau NUPRC, ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanonin haƙar mai da gas su riƙa neman yoyon metan suna toshewa, domin ban da haɗarin gobara, metan yana cikin manyan iskokin da ke ɗumama duniya, kuma duk wanda ya tsere dukiya ce ta bi iska.

RANA DA ƘURA DA BATIR

Ko an sayi wadda ta dace, yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Mun ce ƙura ba ta cika ruɗar na'urar ba, amma in hazon hunturu ya yi kauri hasken da ke dawowa yakan yi rauni, nisan da take gani ya ragu, gilashinta kuma ya buƙaci shafa a kai a kai. In iska tana kaɗawa da ƙarfi a fili, kamar yadda takan yi a wannan yanki kafin saukar damina, gas yakan watse tun bai taru ba, shi ya sa safiya mai sanyi da kwanciyar iska ta fi dacewa da zagayen dubawa. Dole kuma a sami abin da hasken zai buga ya dawo, in an auna sararin sama ba abin da za a samu. Zafin bazara da kan haura digiri 40 yana gajiyar da batir, kuma na'urar da aka manta a cikin rufaffiyar mota da tsakar rana ta kama hanyar lalacewa. Sai batun caji a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, da batun wanda zai riƙa gwada ta lokaci lokaci a tabbatar ba ta fara ƙarya ba.

Wannan na ƙarshe aikin mutanenmu ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, duk suna koyar da darussan kimiyyar da wannan na'ura ta tsayu a kansu. Malaman da Kwalejin Ilimi ta Gumel ke yayewa kuma su ne za su kai bayanin azuzuwan sakandare a Sule Tankarkar da Gagarawa. Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga masana'anta su duba lafiyar wurin aiki, hukumar NMDPRA da Dokar Man Fetur ta 2021 ta kafa kuma ita ke ba da lasisin ajiye gas da sayar da shi. Sai dai kafin sufeto ya taso daga Dutse ko Kano, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ke ganin shagon da aka buɗe jiya a jikin gidan mutane, kusa da mai walda ko mai tsire.

Shi wannan ma'aikaci ba ya buƙatar leza don ya yi abin da ya dace. Gas na girki ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar metan, malala yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata, ya taru a rami da ƙarƙashin benci. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama kimanin lita 250 ta tururi, kuma da ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tayar da shi. Saboda haka shagon ɗura gas yana son ƙofofin shan iska daga ƙasa, ba daga sama kaɗai ba. Akwai 'yan ƙananan na'urori masu araha da ke ƙara in sun ji duk wata iska mai kamawa da wuta. In don gas na girki ne, kusa da daɓe ake kafa su, in kuwa don metan ne, kusa da rufi. Mahaɗar tiyo da kan tukunya kuma ana gwada su da ruwan sabulu, inda kumfa ya yi ta tasowa nan ne yoyon yake, a rufe tukunyar a fitar da ita fili kafin a taɓa komai.